Malam Zali da Bindigar da Ta Dawo Daga Tihama

A unguwar Zahir, bayan rumfunan masu kayan miya, akwai wani lungu da rana ba ta leƙa shi sai ta take tsaka. A nan shagon Malam Zali yake, ɗan ɗaki wanda in mutum biyu suka zauna a ciki na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Risho yake gyarawa, wanda mutanen Makka ke ce wa dafur, da fitilun kananzir, da kwaɗo, da keken ɗinki. Duk wanda ya zauna a unguwar a shekarun 1960 ya san shi: dogo ne mai ɗan rankwafawa, da tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, hannuwansa ba sa rabuwa da warin kananzir ko da ya cuɗe su da sabulu zai tafi Harami.

Sunansa na yanka Gazali, ɗan maƙera ne daga ƙasar Haɗeja. Yana da sabuwar mata, Rumasa'u, da ɗa na goye lokacin da aka shiga yaƙin duniya na biyu aka ɗebi samarin garinsu aikin soja. Da manyan soja suka ji ɗan maƙera ne, sai suka cire shi daga layi suka haɗa shi da wani Bature mai gyaran makamai. Da shi ya je Habasha, inda ya ga ƙananan bindigogin Italiya an tara su tsibi guda kamar itacen girki, da shi kuma ya je dajin ƙasar Bama can gabas mai nisa, inda ƙarfe ke yin tsatsa tsakanin safe da yamma. A hannun wannan Bature ya koyi bindigar hannu irin wadda ke tofar da kwanso ta ɗora wani harsashin da kanta, har ya kai ko an rufe masa ido zai warware ta ya mayar.

A dajin nan ne, ranar da aka binne wasu abokansa, ya yi wa Allah alkawari in ya koma gida da ransa zai tafi Makka, kuma ba zai sake taɓa bindiga ba. Ya koma, ya ɗauki matarsa da ɗansu Awwalu suka nufi gabas. Sun yi shekaru a hanya, sun ratsa Chadi, sun tsinci auduga a Jazira ta Sudan, suna aiki suna ƙara gaba, har suka haye teku daga Sawakin. Rabin alkawarinsa na farko ya cika. Rabi na biyun ya riƙe shi shekara da shekaru, har Abdulƙadir ya shigo shagonsa.

Abdulƙadir sajen 'yan sanda ne, haifaffen Makka, jikan wani Bakano da ya zo aikin hajji bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, Ammi yake ce wa Malam Zali, wato baffa. Wata rana ya kawo rishon gidansu gyara, yana zaune yana jira yana ƙorafin aiki, har ya kai ga bindigar da ke ƙugunsa.

"Wallahi ya Ammi, wannan musaddas ɗin ta ishe ni. In muka je filin harbi, ta tashi sau ɗaya sai ta cije. An kai ta ma'aikata an dawo da ita, ba abin da ya sake."

Malam Zali bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da sakace bakin risho da allura. Can ya ce, "Ana ba ku ku tsare hanya da ita?"

"Da ita nake tsayawa hanyar Jidda."

Abin da ya karya masa alkawari ke nan. Daga baya ya je ya tambayi malamin unguwa, malamin ya ce ya yi kaffara, barin mutumin da ke tsaron alhazai da makamin da ba ya tashi ba alheri ba ne. Amma a ranar bai jira fatawa ba. Ya ce da saje ya cire harsashin duka a waje, ya nuna masa babu komai a ciki, sannan ya miƙo. Ya juya ta a hannu, ya zaro gidan harsashin ya kai shi kusa da tabarau. Leɓen gidan ne ya ɗan lanƙwashe, da alama ya taɓa faɗuwa a kan dutse. Ya daidaita shi da filaya, ya goge, ya mayar.

"Bindigar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Amma kada ka gwada ta a nan. Ƙasar Harami ce. In za a gwada, sai mu wuce Tan'im."

Haka kuwa aka yi, haka kuma ya zama ƙa'idarsa har ya bar duniya. Bindiga ba ta shiga shagonsa da harsashi, ba ya karɓar wadda ba ta da takardar izini, ba a harba ko ɗaya sai an fita bayan iyakar Harami, a wani kwari mai duwatsu inda ba kowa sai awaki. Abdulƙadir ya nemo masa amincewar manyansa, sai 'yan sanda da masu gadin fatake da wasu attajirai suka riƙa kawo nasu. Duk da haka risho ne abincinsa. In lokacin hajji ya zo ya rufe shago ya ɗauki akwatin kayan aiki ya tafi Mina, yana bi tanti-tanti yana gyara wa masu dafa wa alhazai abinci.

Bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon a sha shayi, kuma in hira ta juya kan bindiga, wannan mutum mai ƙarancin magana sai ya zama wani daban. Ya ce Kolt ta Amurka ta mai ƙarfin wuyan hannu ce, harsashinta kamar babban yatsa, ya gan ta a Bama cikin ruwa da taɓo ba ta gaza ba, sai dai a Makka kafin ka samo mata harsashi ka sha yawo. Bareta ta Italiya yana sonta don samanta a buɗe yake, kwanso na fita ba gardama, ga ta ba nauyi. Akwai wata ta Jamus da yake kira mai gwiwa, don in ta tashi bayanta kan lanƙwashe sama kamar gwiwar fara. Ita ce mafi kyau a ido, an ƙera ta kamar agogo, kuma kamar agogo take son kulawa, ba ta mutumin da ke kwana cikin rairayi ba ce. Da aka fara yaƙin Yaman sai na Rasha suka fara ɓullowa ta kudu. Ya ce kai ka ce da gatari aka sassaƙa su, amma ba su san ƙiwuya ba.

"To wacce ce sarauniyarsu, Malam?" in ji masu shan shayi, ko da yake sun san amsar.

"Buraunin ta Beljiyam. Mu a soja Ɓarauniya muke ce mata don tsokana." Sai ya ɗan yi murmushi. "Ita ce raƙuma. Ba ta neman ado, harsashinta ana samu ko'ina, in wani abu ya lalace a jikinta za ka sami madadinsa. Ku kuna duban ƙyalli. Ni cikin bututu nake dubawa, da yadda ƙarfe ke zama a kan ƙarfe. Tsohuwar da aka riƙe da kyau ta fi sabuwar da ba a san uban da ya ƙera ta ba."

Awwalu ya tashi a cikin wannan lungu, amma bai gaji haƙurin zama ba. Tun yana matashi zuciyarsa na wajen mota. Ya koyi tuƙi, ya auri Sa'adiya 'yar maƙwabtansu, suka haifi 'ya mace aka sa mata Baraka. A shekarar 1964 ya sami aiki wajen wani attajiri mai manyan motoci, suna kai shinkafa da sukari da kananzir kudu, ta gaɓar Tihama har Jizan. Hanyar ba kwalta, rairayi ne da fadamar gishiri da kwaruruka, ga yaƙi a tsallaken iyaka ya cika ƙasar da makamai da mutanen da ba a san inda suka fito ba. Direbobi biyu ake sa wa kowace mota. Abokin tuƙinsa Dawuda ne, magidanci mai furfura a gemu, wanda ya zo daga Chadi.

Da ya dawo daga wata tafiya, Awwalu ya shigo shago da hantsi yana fara'a, ya kwance wani ƙyalle a kan teburin ubansa. Bindigar hannu ce fara fat, tana walƙiya, an yi mata zanen furanni, ƙotarta kamar hauren giwa.

"Abuya, dubi abin da na samo a Jizan. Mai ita ya rantse ta Turai ce."

Malam Zali ya dube ta bai taɓa ba. "Ina takardarta?"

"Za a yi."

"Akwai harsashi a ciki?"

Awwalu ya sunkuyar da kai, ya fita waje ya cire, ya dawo. Uban ya ɗauka ya girgiza ta kusa da kunnensa, ta yi ƙaras-ƙaras. Ya duba tambarin da ke gefenta, ya ga haruffan sun hau juna, wasu ma a juye suke. Ya goga magagari a wani lungu na cikinta, ƙarfen ya ci kamar dalma.

"Wannan ba ta da uba," ya ce. "Wani ne ya zauna a bayan gida ya kwaikwayi ta mutane. Ranar da ka fi bukatarta, ko ta ƙi tashi ko ta tashi da yatsunka."

"Kowa a hanyar nan yana da tasa, Abuya. An tare motar da ke gabanmu, an kwashe kaya, an bar direban ɗaure a rana."

Uban ya mayar da bindigar cikin ƙyallenta. Da ya tambayi son ransa, da ya ce ɗan ya bar hanyar kudu ya dawo ya zauna kan risho. Amma ya san ba zai zauna ba, kuma shi ma yana da kusan shekarun nan ya bar gida ya tafi inda ya fi Jizan nisa.

Da yamma ya gaya wa Rumasa'u. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, da hannunka za ka ba shi?"

"In ban ba shi ba zai ɗauki waccan."

"To kada ta kwana mini a ɗaki. Akwai jaririya a gidan nan."

Farar bindigar ya miƙa wa Abdulƙadir aka kai inda ake kai irinsu. Sannan ya tafi unguwar Shisha wajen wani tsohon falke da ya daina fita, wanda ya daɗe yana kawo masa wata Buraunin yana shafa mata mai. Tsohuwa ce, baƙin jikinta ya koɗe a gefuna har farin ƙarfe ya fito, katakon ƙotarta ya yi santsi don riƙo. Falken ya yarda ya rabu da ita. Abdulƙadir ya bi takardu ofis-ofis har izini ya fito da sunan Awwalu.

Awwalu ya karɓe ta yana yatsina. "Wannan ai ta girme ni."

"Ba ta girme ka ba, amma ta fi ka sanin hanya."

Ya kai shi kwarin bayan Tan'im ya koya masa riƙo da tsayuwa, da yadda ake warware ta a share rairayi, da cewa mai kaɗan ake sa mata don mai da yawa ƙura yake kira. Ya ce kada ya nuna ta don burga, kada ya zaro ta cikin fushi, in harbi sama zai kore masa mutum to kada ya sauke hannu. In ya shigo gari ya bar ta a shago a kulle, kamar yadda uwarsa ta ce.

Ba a daɗe ba ta yi aikinta. Wata safiya, bayan sun wuce garin Lis, wasu mutane suka jera duwatsu a hanya suka fito daga bayan tudu da sanduna da wata doguwar bindiga. Dawuda ke tuƙi. Awwalu ya leƙa ta taga ya saki harbi sama a jere, ba ta cije ba ko sau ɗaya, mutanen suka watse, Dawuda ya kauce ta cikin rairayi suka wuce. Da suka dawo Makka Dawuda ya ba da labarin a tabarmar shayi, yana kwaikwayon gudun ɓarayin har mutane na riƙe ciki. Malam Zali bai yi dariya ba, tambaya ɗaya ya yi, ko an sami wani. Aka ce ba a sami kowa ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya karɓi bindigar ya duba, ya ga an share ta tsaf yadda ya koyar. Ranar ya saya wa gidan nama.

A lokacin sanyi na shekarar 1966 motar ta fita kamar kullum. Lokacin dawowarta ya yi ba ta dawo ba. Aka fara jin an yi ruwa mai yawa a duwatsun kudu, hanya ta yanke, motoci sun tsaya. Malam Zali ya riƙa ce wa matan gida su kwantar da hankali, hanya ce kawai. Shi kuwa in ya zauna a shago sai ya ga ya riƙe risho ɗaya tun safe bai gama ba.

Dawuda ne ya zo, shi kaɗai, da azahar, tare da Abdulƙadir. Tun daga bakin lungu Malam Zali ya ga yadda suke tafiya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya tashi tsaye.

"Malam," in ji Dawuda.

"Faɗi, Dawuda. Na Allah ne."

Suka zauna. Dawuda ya ce sun iso wani kwari kudu da garin Ƙunfuza, sama garau, ba ko ɗigon ruwa, ƙasan kwarin a bushe. Sun ɗauko fasinjoji a saman kaya, mutanen ƙauye masu zuwa kasuwa, har da mata. A tsakiyar kwarin ƙafar baya ta nutse cikin rairayi. Suna cikin haƙa sai suka ji ƙugi daga gabas kamar ana jan duwatsu, wani makiyayi a kan gaɓa yana ɗaga hannu yana ihu, sel, sel. Ambaliya ce ta gangaro daga ruwan da aka yi a kan tsaunuka. Kowa ya ruga. Awwalu ya tsaya yana sauko da mata daga saman kaya, ya kai su gaɓa, ruwa ya riga ya kai gwiwa. Sai aka ga saura wani tsoho makaho a kan motar, ya rasa ta inda zai sauko.

"Na riƙe masa riga, Malam. Wallahi na riƙe. Ya fizge ya koma. Ya sauko da tsohon, ya turo shi har muka kama hannunsa. Sai wani kututture ya zo cikin ruwan."

Malam Zali ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita, ya maimaita. Sannan ya tambaya ko an same shi. Dawuda ya ce bayan ruwa ya janye mutanen wani ƙauye can ƙasa suka same shi cikin laka, suka yi masa wanka da salla suka binne shi a maƙabartarsu, don ba yadda za a kawo shi. Ya sa hannu cikin jakarsa ya fito da wani abu naɗe da tsumma. Bindigar ce. A ƙugunsa aka same ta cikin kubenta, mutanen ƙauyen suka kai wa hakimin wurin, shi kuma ya ba Dawuda ya kawo.

Shiga gida ya fi komai yi masa wuya. Rumasa'u ba ta taɓa kiran sunan ɗan nan ba tun da ta haife shi, don ɗan fari ne, sai dai ta ce mai mota. Da ta ga fuskar mijinta ta ce, "Mai mota ne?" Ya gyaɗa kai. Ta zauna a inda take, a ƙasa, ta jawo Baraka ta rungume, Sa'adiya kuwa sai da maƙwabta suka shigo suka riƙe ta. Aka yi zaman makoki, Hausawan Zahir da na Jarwal da direbobin hanyar kudu suka cika lungun. Attajirin mai motar ya zo da kansa. Malam Zali ya karɓi gaisuwar kowa, idonsa a bushe, har wasu na mamakin ƙarfin zuciyarsa.

Bindigar ta daɗe a cikin akwati bai buɗe tsumman ba. Sai wata safiya, bayan an watse, ya rufe ƙofar shago rabi ya kwance ta. Laka ta bushe a jikinta ta zama kamar tukunya, jar tsatsa ta fara cin gefuna. Ya jiƙa ta cikin kananzir, ya bi ta da haƙuri har ta yarda ta buɗe. Harsashinta cike, ba a taɓa ko ɗaya ba. Da ya kai can ciki, inda laka ba ta shiga sosai ba, sai ya tarar da ɗan siririn mai a kan ƙarfen, kaɗan, daidai yadda ya ce a riƙa sawa. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya share kowane ƙarfe, ya mayar da shi mazauninsa, bai canja komai ba.

Ya aika aka kira Abdulƙadir suka fita bayan Tan'im. Saje ya kawo sabon harsashi. Malam Zali ya tsaya, ya miƙa hannu wajen dutsen da suka saba, ya ja kunama. Ta tashi. Ya sake ja, ta tashi, kwanso na faɗuwa gefe yana ƙara a kan tsakuwa, har ta ƙare ba ta yi gardama ba. Ya sauke hannu. Sai ya durƙusa a kan duwatsun nan, kukan da bai yi ba a gaban mutane ya zo masa gaba ɗaya.

Abdulƙadir ya karɓi bindigar ya tsuguna kusa da shi. "Sabur, ya Ammi. Haƙuri."

"Ta kwana cikin laka ta tashi, Abdu," in ji shi. "Ƙarfe ya tashi. Na shirya shi don mutane, na koya masa duk abin da na sani. Ruwa ko sau ɗaya ban yi masa zancensa ba."

"Ko ka yi masa, da zai koma wajen tsohon nan. Kai ma ka sani."

Malam Zali ya share fuska da gefen rawaninsa. Ya ce ya sani.

Da labari ya bazu cewa bindigar ta fito daga ambaliya tana aiki, masu so suka yi ta zuwa. Wani attajiri ya aiko har sau da yawa a faɗi abin da ake so. Malam Zali ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya roƙi Abdulƙadir a juya takardarta zuwa sunan Dawuda, don shi har yanzu yana bin hanyar, yana da 'ya'ya. Dawuda ya ƙi, ya ce ba zai iya ɗaura ta a ƙugunsa ba. Malam Zali ya ce, "Ɗauki. Ba ta yi laifin komai ba. Amma ina da bukata a wurinka. Bayan hajji ka kai mu."

Bayan an sauko daga Mina suka tafi, shi da Rumasa'u a gaban mota kusa da Dawuda, Sa'adiya ta zauna gida da yarinya. Tun da suka shigo Makka Rumasa'u ba ta taɓa wuce Jidda ba. Tafiyar ta ba ta wuya, zafi da girgiza da ƙishirwa, amma ba ta yi ƙorafi ba. Da suka kai kwarin, Dawuda ya tsayar da mota ya nuna musu. Rairayi ne fari shimfiɗe, busasshe, da sawun awaki. Can gefe wani ƙarfen motar ya leƙo daga ƙasa. Suka bi gaɓa suka gangara yamma.

Ƙauyen ya ba su mamaki. Bukkoki ne zagayayyu masu tsinin kai, an yaɓe cikinsu da laka, ga gonakin dawa da gero sun yi kore shar a inda ambaliyar ta bar danshi, ga mata baƙaƙe da hulunan kaba suna korar tsuntsaye. Rumasa'u ta sauko daga mota ta tsaya tana kallo. Ta kai hannu ta kama wata zangarniyar gero ta murza a tafinta.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe a irin ƙasarmu ya kwanta."

Dattawan ƙauyen suka fito. Da Dawuda ya faɗi ko su wane ne, sai aka yi ta rungumar Malam Zali ana sumbatar kansa. Aka aika ƙauyen gaba aka zo da tsohon makahon a kan jaki. Ya laluba ya kama hannun Malam Zali da hannu biyu ya ƙi saki, yana magana da Larabcin da Malam Zali bai gane rabinsa ba, hawaye na bin gemunsa. Suka raka shi maƙabarta, Rumasa'u ta tsaya daga bakin shinge inda take hango wurin. Tudun ƙasa ne da dutse a kai da dutse a ƙafa, an kewaye shi da ƙaya don kada dabbobi su taka. Ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, ya daidaita dutsen kan da ya ɗan karkace.

Mutanen suka hana su tafiya a ranar. Aka yanka akuya, aka kawo gurasar dawa mai tsami da nono. Da suka ji sana'arsa, kafin gari ya waye sosai an tara masa fitilu da kwaɗuna da wani keken ɗinki da ya shekara ba ya juyawa. Ya zauna a inuwar bukka ya gyara su ɗaya bayan ɗaya da ɗan abin da ke aljihunsa da kayan aikin motar Dawuda, ya ƙi karɓar komai. Rumasa'u ta shiga cikin mata ta karɓi taɓarya, ba ta jin yarensu sosai, su ma ba sa jin nata, suka yi daka tare.

Sun dawo Makka da ɗan buhun gero da matan suka ba ta. Malam Zali ya koma shagonsa. Ya ci gaba da karɓar bindigogin 'yan sanda, in an tambaye shi ra'ayinsa kan wata ƙira ya faɗa a taƙaice, sai dai doguwar hirar nan ta bayan la'asar ta ragu. Sa'adiya ta yi wani auren bayan shekara biyu, da yardarsu, ta bar musu Baraka. A ƙarshen shekarun 1960 idonsa ya fara gazawa, ya daina aikin da ke son gani sosai. Duk lokacin da Dawuda zai yi kudu, Rumasa'u kan ba shi gorar ruwan Zamzam da ɗan ƙunshin dabino ya kai wa mutanen ƙauyen, su kuma su aiko da gero in an yi girbi. Haka suka yi ta yi har tsohon makahon ya rasu, 'ya'yansa suka ci gaba.